Ƙullin Daddawa da Tauraron da Ya Fashe

Ajiye wayar nan ka saurare ni. Ban yi boko ba, amma gawar da na wanke ta fi shekarunka yawa.

An yi wani mutum, ɗan fari a wurin uwarsa, karatu ya kai shi wata ƙasa, aikinsa leƙen sama da madubin hangen nesa. Akwai wani garken taurari can ƙuryar samaniya, shimfiɗe kamar faifai mai tudu a tsakiya, shi ya zuba wa ido shekara goma sha ɗaya. Sau biyu yana ganin tauraro ya fashe a cikinsa, ya zauna jiran na uku. Shi da bakinsa yake koya wa ɗalibai cewa irin wannan tauraro in zai mutu, zazzage haskensa yake yi gaba ɗaya har ya dusashe 'yan'uwansa, kuma kafin hasken ya iso idonmu, mai shi ya daɗe da shuɗewa.

Uwar kuwa, kunyar ɗan fari ba ta barin ta kama sunansa, balle ta ce masa zo. A waya "lafiya lau" ce kawai, ta miƙa wa ƙanwarsa. Maganarta ƙulli ce. Duk kaka sai ta daka kuka, ta yi daddawa, ta ba matafiya, ƙullin ya yi wata biyu daga hannu zuwa hannu. In ya shinshina sai ya ce, "Mai ɗaga taɓarya ai da sauranta. Baɗi na je." Wata shekara ƙullin ya zo ninki uku, har da busasshiyar kuɓewa, har da ludayin da take dama masa fura da shi yana ƙarami. Ya yi ta murna, ya rarraba wa abokai, wai tsohuwa ƙarfi ya ƙaru. Bai tambayi kansa me zai sa mace ta kwashe abin da ke tukwanenta kaf, ta haɗa da ludayi ba. Bayan kwana huɗu ƙanwar ta kira: "Yaya, sai haƙuri. Tun ran da ta ɗaure ƙullin nan ta kwanta, ta hana a faɗa maka." Da ya iso, an naɗe tabarmin makoki, turmi a kife. Tauraro na uku kuwa har yau bai fashe ba.

To, kai da kake cewa waya ta wadatar: zumunci a ƙafa yake.