Mai Safiyo da Mai Tukwane

Kai da za ka aiki a garin da ba naka ba, saurari wannan. An taɓa tura wani mai safiyo wani kwari tsakanin tsaunuka biyu, ya zana taswirarsa, ya kuma nuna inda za a mayar da wani ƙauye da duwatsu suka fara gangaro masa. Cikin rani ya je. Kwana goma sha biyu yana hawa da sauka da na'urarsa mai ƙafa uku, har takalminsa ya buɗe baki. Aiki kam ya iya shi, ba tudun da bai auna ba. Ya zaɓi wani fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai, nesa da kogin da ya ƙafe ya bar yashi, ya kafa turaku. Mutanen ƙauye suka fara buga tubali.

Yana naɗe takardarsa sai ga wata tsohuwa mai ginin tukwane tana haƙar yumɓu a tsakiyar filin. Ta ce, "Ɗan nan, yumɓun da nake ɗiba, wa kake jin ya kawo shi nan?" Ta nuna masa wata kanya. Can sama, inda hannunsa ba ya kaiwa, ga busasshiyar ciyawa da karare sun maƙale a rassa. Ta ce kogin yakan yi shekara bakwai yana lafe, a ta takwas ya zo ganin gida. Kunya ta rufe shi, don sau uku yana cin abinci a inuwar kanyar nan bai ɗaga kai ba. Ya tumɓuke turakunsa, ya mayar da su kan tudu, mutane na ta gunaguni saboda nisan ɗibar ruwa. Damina ta biyu ruwa ya shafe filin, kan kanyar kaɗai ake hangowa. Gida arba'in suna tudu suna kallo, ko kaza ba su rasa ba.

Mutumin nan bai manta ba. Ya sake hawo tudun da turmin atamfa, ya durƙusa gabanta ya yi godiya har da hawaye. A taswirar kuma ya rubuta wa wurin suna, Fadamar Mai Tukwane. Ni duk na tuna tsohuwar nan sai na yi mata addu'a. Hausawa sun yi gaskiya: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.