Wazirin da Ya Zama Uban Sarki

Kai da kake cewa a ɗora wane don ba shi da baki, zauna ka ji. An yi wani Waziri a wata ƙasa can bayan duwatsu, mutum ne da in ya gaishe ka sai ka duba aljihunka. Abu ɗaya yake tsoro a duniya: a raba shi da kunnen sarki. Da sarki ya rasu ya bar 'ya'ya uku, sai Waziri ya shiga lissafi, don babbansu mayaƙi ne mai zafin kai, na biyu kuwa ya fi shi kansa Wazirin wayo. Ko wanne ya hau, Waziri ya san tasa ta ƙare. Saura autan, mai kiwon tantabaru, wanda ko tambayarsa aka yi ya kwana lafiya sai ya waiga ya ga abin da za a ce. Waziri ya tashi haiƙan. Ya kai wa babban gulmar na biyu, ya kai wa na biyu gulmar babban, har suka daina gaisawa. Masu zaɓen sarki kuwa ya bi su da kyauta, wannan rago, wancan alkyabba, har suka gano cewa ƙasa na bukatar mai haƙuri. Aka naɗa auta.

To, al'adarsu ita ce maganar farko da sabon sarki ya yi a bainar jama'a ba a tayar da ita. Waziri ya yi ta biya masa: ka ce Waziri na nan a kujerarsa, shi ke nan. Ranar fitowa sarki ya miƙe, ya dubi Waziri, hawaye suka zubo masa, ya ce, "Bawan Allahn nan ya yi mini abin da uba kaɗai ke yi. Daga yau shi ne Uban Sarki." Tambura suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa, Waziri kuwa ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ai a ƙasar sarki ba ya haɗa ido da ubansa, don wanda ake faɗuwa a gabansa ba ya durƙusa wa kowa. Uban Sarki ƙetaren kogi yake zama, ba ya shiga birni, ba ya aika saƙo fada. Kuma wa zai ce ba ya son girma? Haka aka ɗora shi a kwalekwale, maroƙa na yi masa kirari, shi yana murmushi yana haɗiyar baƙin ciki. Ya tsufa a can, ga tuwo ga nama, amma ba mai tambayarsa ko ranar kasuwa. Har ya mutu bai gane ba, yaron nan wawa ne ko shi ne wawan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.