Goyon Uwar Dolfin

Da kwale-kwalen ya tsaya, masu yawon hutu suka faɗa teku suna iyo da kifayen dolfin. Wata mai aikin jinya kuwa tana riƙe da keken guragu na tsohuwar da take kula da ita, wadda ta taho da ita wannan tsibiri daga unguwar Bronx.

Wata uwar dolfin ta taso, ɗanta a baya.

"Ashe su ma suna goyo," mai aikin jinyar ta ce wa matuƙin.

"Gawa ce, baiwar Allah. Ta ƙi sakinsa."

Bara kaset ya iso wa matar daga gida, Kumasi: ɗanta ya rasu. Ɗan fari ne, don haka ta yi kara, ta haɗiye kukan, ta tafi aiki.

Hannunta ya koma bayanta yana lalube.

Tsohuwar ta ce, "Tura ni gaba, ba na gani."

Ta tura.