Kwalaben Fitila ta Kan Katanga

Tas! Buhun fasassun kwalaben fitila ya faɗo tsakar gidan mai tukwane ta kan katanga.

"Allah ya isa!" ta ƙwala ihu. "Muguwa! So kike ki yanke min ƙafa?"

"Kaɗan kika gani!" in ji maƙwabciyarta mai wanki. "Hayaƙin gashin tukwanenki ya baƙanta min shanya. Ki daina, in daina!"

"Ba zan daina ba! In kin isa, gobe ma ki jefo!"

"Wallahi sai na jefo, ko bolar unguwa kaf zan tone!"

Mijin mai tukwane ya fito yana saka takalmi, ransa a ɓace. "Abin nan ya ishe ni. Yanzu zan sami mijinta mu kashe wutar nan."

Ta yi wuf ta riƙe masa riga, ta ja shi bayan ɗaki. Ta juye buhun a turmi, ta nuna masa tukwanen da ta gasa jiya, sai ƙyalli suke.

"Maigida, rufa min asiri," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ƙyallin nan da ake rububi, garin kwalbar ne. Dakawa nake, in kwaɓa, in shafa kafin gashi. Da can ni ke yawon bola. In ka sasanta mu, wa zai riƙa tsinto min?"

Ta juya wajen katanga, ta ɗaga murya:

"Ke raguwa! Na yau ko rabin buhu bai kai ba!"