Ɓarawon Itacen Babi na Bakwai

"Ƙirƙira ce fa, Baba Torleif!" in ji Gunvor, ganin tsohon maƙwabcinta a bakin ƙofa, fuskarsa a murtuke.

Tarihin rayuwarta ta rubuta, edita ya ce ba gishiri, sai a babi na bakwai ta ƙaƙalo wani maƙwabci mai sace mata itacen jin ɗumin hunturu. Kafin bugawa ta aika wa maƙwabta kwafi, kamar yadda aka saba. Yanzu kotu kawai take hangowa.

"'Yar nan," ya ce ƙasa-ƙasa, "sau biyu kacal na ɗiba. Ga shi a baro. Ki cire babin."

Ta leƙa bayansa. Baro biyar ne a jere cikin dusar ƙanƙara, kowanne da itace. Na ƙarshen, fasto ne ke turawa.