Gaiwa a Cikin Busasshiyar Laka

Goggo Tabawa, yayar mahaifina, ita ta fara ba ni wannan misali, shekarar da amai da gudawa ya ɗauke mini kakanka da ɗan farina a damina ɗaya. Na kwanta na juya wa ƙofa baya, salla ma sai an tashe ni. Ta shigo ta zauna a bakin gado ta ce, "Ke, juyo. Ba na magana da ƙeya." To yau na ji an ce kai ma, Sallau maigidana, jinyar ƙafar nan ta sa ka ce ka gaji da roƙon Allah. Bari in ba ka yadda aka ba ni.

Wata maginiyar tukwane ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana. Ta yi rani guda tana gini, ranar gashi iska ta juya, wuta ta ci gefe ɗaya, tukwanen suka farfashe, ko kasko ba ta tsira da shi ba. Hatsi ya ƙare. Maƙwabta sun taimaka har nasu ya yi ƙasa. Sai dangin miji suka aiko cewa za su zo su rarraba yaran, kowa ya ɗauki ɗaya. Ta ce to, su zo jibi. Ba ta yi kuka ba, kukan ma ƙarfi yake so. Addu'a kuwa ta daina, ba don ta bar addini ba, hannun ne ya yi mata nauyin ɗagawa. A ranta tana cewa bayin Allah suna da yawa, ita an manta da ita.

Washegari ta ɗauki dagi ta tafi tafki haƙo yumɓu, don dai kada ta zauna tana kallon idon yaran. Tafkin ya daɗe da ƙafewa, ƙasa ta tsattsage kamar fason dunduniya. Tana haƙa tana hutawa, har ta ɓamɓaro wani curi. Ta buga shi ya rabe, sai ga gaiwa a naɗe a ciki, kifin nan da ke shigewa laka in ruwa ya janye. Ta rame, ta yi baƙi, amma da ranta, tana motsi. Wata da watanni ba ruwa, ba abinci, ba wanda ya san tana nan, sai 'yar hudar da take shaƙar iska. Matar ta zauna dirshan a ƙasa ta ce, "Ya Allah, ashe har nan ƙasa kana dubawa." Ta ƙara haƙa, ta sami wasu. Kada ka zaci mayar da su ta yi, mai yara da yunwa ba ta wannan tausayin. Ta kai gida ta yi romo, yara suka sha har da suɗe kwano. Ka gani? Tun ranar da ruwa ya janye aka ajiye mata su, ita tana can tana cewa an manta da ita. Da dangi suka zo ta ce su koma, 'ya'yanta suna nan wurinta. Wahala ba ta ƙare ranar ba, ta sha wata bayanta, amma ta sake kwaɓa yumɓu. Shi ya sa Hausawa suka ce, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Goggo na gama faɗa ta zura takalmanta ta fita, ko "sai haƙuri" ba ta ƙara mini ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce na ji sanyi a raina ba, jikina kamar an daka a turmi. Amma da gari ya waye na tashi da kaina na yi alwala. Na kwashe tsohuwar tokar murhu, na hura wuta, na dama wa uwarka kunu, ita da ta rage mini.