Fallen da Ba a Sa wa Ƙusa Ba

Ina yaro, wata rana da la'asar Babana ya kawo kafinta ya buga silin a ɗakin kakata a Daura, don jar ƙasa ta ishe ta da zubowa daga azara har cikin tuwonta. Ina zaune a bakin gado, ƙanshin sabon katako ya cika min hanci.

Da kafinta ya iso kusurwar gabas, Kaka ta ɗaga hannu.

"Malam, wannan fallen ɗora shi kawai, kada ka sa masa ƙusa."

"Hajiya, ai ɓera zai samu hanya."

"Ba ɓera ba ne. A ɗakin nan muka tarar da shi, ba za mu toshe masa ƙofa ba."

Babana ya sunkuyar da kai. Aka bar fallen haka.

Bayan sun fita, Kaka na tsince wake, sai na ji wani abu mai nauyi yana jan jiki a kan silin, a hankali, har kusurwar. Fallen ya ɗaga kaɗan, ya koma mazauninsa.

"Ka gani, mun bar maka," in ji Kaka, ko kai ba ta ɗaga ba. Ba da ni take ba.

Bara na sa silin ɗin roba a gidana mai rufin kwano. Na ce a bar fallen kusurwar gabas ba ƙusa, wai saboda wayar lantarki. Har yau matata na tambayata daga ina jar ƙasar da take sharewa a wurin take zubowa.